Layin da Ashur Ya Koya wa Barci

Asabar, 6 ga Janairu, bayan la'asar

Ya kira. Da wannan zan fara, kuma shi zan riƙa karantawa duk ranar da matan lungunmu suka ishe ni. Mijina Ashur ya kira ni jiya da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe, sau biyu, ta intanet, daga wata lambar ƙasar waje. Ina zaune a kan keken ɗinki, wayar tana gefena, ba ta ce uffan ba. Sai da azahar da na ɗauka zan duba hoton wata riga ta yi ƙara, ta nuna min kira biyu sun wuce ni. Na bi lambar ya fi sau ashirin, a kashe take.

'Yata Shaima ta ce min a waya daga birnin Bur Sa'id, "Mama, ai kowa ma zai iya zama, ko ɓatan lamba." Na ce wa na sani a can yamma, inda suka tafi kamun kifi, in ban da ubanki? Lambata ce kaɗai ya haddace a duniya, ko taki bai riƙe ba.

Su goma sha uku ne a jirgin ruwan, shi ne mai kula da inji. Tun kafin sabuwar shekara ya kamata su dawo da kifi. A bakin ruwa wasu na cewa an tsare su, wasu na faɗin wani abin da ba zan ɓata tawadata a kansa ba. Mutumin da ya buga waya sau biyu yana da hannu, yana da baki. Shi ke nan.

A bayan littafin awon kwastomomi nake rubutun nan, don shi ne a kusa.

Lahadi, 7 ga wata, da hantsi

Na je shagon Ammu Milad, dattijon da ke gyaran waya, don ya duba min akwatin intanet, na tarar a rufe. Na manta yau bikin Kirsimetinsu ne, Kiristocin ƙasarmu a Janairu suke yi. Allah ya maimaita masa, amma ya zaɓi rana.

Litinin, 8 ga wata, bayan azahar

Ammu Milad ya zo da ledar cincin ɗin bikinsu da tabaraunsa a kan hanci. Shekara talatin ya yi yana hawa turakun waya kafin ya buɗe shago, saboda haka ba na musu da shi a kan waya, sai a kan sauran abubuwa.

Ya ce in ajiye wayata kada in taɓa, mu sha shayi. Muka zauna muna kallon akwatin da ke kan firji. Kofi na biyu bai ƙare ba sai ƙaramar fitilar ta koma ja.

"Kin gani, Ummu Shaima? Ba lalacewa ya yi ba. Barci yake."

"Barci? Da tsakar rana, kamar ma'aikacin gwamnati?"

"Ki bar ma'aikatan gwamnati, ni ma da su aka yi. An saita shi ne. In ya ga minti goma sha biyar babu mai neman komai, sai ya yanke kansa. In kika taɓa waya ya farka. Amma mai kira daga waje ba ya iya tashinsa, sai dai ya yi ta buga ƙofa."

Na ce wa ya saita? Ya cire tabarau ya dube ni. Na san amsar tun kafin ya buɗe baki. Mutumin da ke bina ɗaki ɗaki yana kashe fitila, wanda kullum yake cewa injin da ba ya aiki a kashe shi. Har cikin akwatin intanet ya bi ya kashe.

Gyaran ba wuya, in ji Ammu Milad, kalma ɗaya za a canza a ciki. Sai dai Ashur ya kulle wurin da kalmar sirri tasa, ta jikin akwatin ba ta buɗewa. Akwai wani ɗan rami a baya da ake soka allura komai ya goge, amma in aka yi haka sai kamfani sun sake haɗa mu, yana iya kai kwana biyu ko uku babu layi. Na ce ko awa biyu ban yarda ba. Na tambaye shi wayar tarho ta gida fa? Ya ce daga can kira ba ya shigowa sai ta intanet, kowa ya san haka. Sabis ɗin waya kuwa bai taɓa shiga ɗakin nan ba, sai an hau rufi, ni da gwiwar nan, ga Hajja Nabawiyya, uwar Ashur, a kwance ba ta iya juyi sai an juya ta.

Ya rubuta min yadda ake shiga da abin da zan canza, in Allah ya sa na tuna kalmar. Kafin nan, ya ce, kada in bar layin ya huta.

Ba zai huta ba. Ni Insaf ce.

Talata, 9 ga wata, kafin magariba

Duk minti goma nake taɓa wayar. Na ajiye agogo a kan keke. Yau na haɗa hannun rigar amaryar gidan mai burodi a juye, sai da na farke na sake. Sau ɗaya na shiga wanka na fito na tarar da ja, na yi wa akwatin faɗan da ban taɓa yi wa Shaima ba.

Hajja ta ce, "'Yar nan, da wa kike?"

Na ce da ɗanki.

Ta ce, "Shi ya sa yake ce miki Nawwa." Sunan da yake kirana ke nan tun muna sabon aure, sunan guguwar nan da ke taso mana daga teku da sanyi, ta kwana uku tana fasa tagogi sannan ta wuce kamar ba ita ba. Ban taɓa amsa sunan ba, kuma bai taɓa fasa kira ba.

Laraba, 10 ga wata, da safe

Na samo dabara, kuma ni kaɗai na samo ta. Akwai kwamfutar hannu da Shaima ta ba kakarta, tana ajiye a ƙarƙashin matashi ba a amfani da ita. Na kunna tashar karatun Alƙur'ani ta intanet a ciki, wadda ba ta tsayawa. Muddin mai karatu yana karatu, layi yana aiki. Awa biyu ke nan, fitila kore shar.

Hajja ta ji daɗi, amma kunnenta ya yi nauyi, sai cewa take in ƙara murya. Na ƙure mata. Na kuma buɗe taga don ƙaurin soyen kifi ya fita.

Alhamis, 11 ga wata, bayan la'asar

Har yanzu haushi bai sake ni ba.

Da hantsi na ji ana buga ƙofa a hankali. Na buɗe, sai ga Ummu Ragab maƙwabciyata cikin baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa, a bayanta mata shida duk cikin baƙi, ɗaya riƙe da ledar garin kofi, ɗaya da kujerun roba biyu. Kafin in ce kanzil Ummu Ragab ta rungume ni ta fashe da kuka.

"Allah ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa. Yaushe labarin ya zo? Sun ce wani abu a kan sauran?"

"Wane labari?"

"Ai tun jiya muke jin karatu daga gidanki, taga a buɗe, ba a kashe ba. Muka ce mu bari gari ya waye."

Sai a lokacin na gane. Ni da aka haifa a garin nan, na san abin da ake nufi in aka ji karatu da ƙarfi yana fita daga gidan mutum wuni guda. Hankalina yana kan fitila, ko kaɗan abin bai faɗo min a rai ba.

Na wanke su tas. Na ce, "Don intanet na kunna! Don kada layi ya yi barci! Mijina ya kira ni ranar Juma'a, sau biyu, ku da kuka matsu ku sa baƙi ku je ku nemi wani gidan. Ke kuma mai kujeru, mayar da su inda kika aro."

Matar mai burodi ta ce ƙasa-ƙasa, "Yanzu har intanet ma karatu ake yi masa?" Wata ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki da mayafi. Suka juya ɗaya bayan ɗaya. Mai garin kofin ta yi ta jujjuya ledar, ba ta san ko ta bari ko ta tafi da ita ba. Na ce ta bari, kofi dai ba shi da laifi.

Ummu Ragab ce ta ƙarshe. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ya kira da gaske?" Na ce da gaske. Ta gyaɗa kai ta tafi.

Na rufe tagar. Na rage murya. Hajja tana ta tambaya su waye, na ce masu karɓar ɗinki ne.

Juma'a, 12 ga wata, bayan an sauko daga masallaci

Sha ɗaya da minti ashirin ta zo ta wuce. Kore.

Asabar, 13 ga wata, da yamma

Ummu Ragab ta dawo, cikin rigarta mai furanni, da kwanon miyar lalo. Na ji kunyar abin da na yi mata, kuma na faɗa mata haka, duk da maganar ta yi min nauyi a baki. A cikin fushina na manta Ragab ɗinta yana cikin jirgin. Shi kaɗai gare ta. Shekararsa ashirin da shida, ni na ɗinka masa labulen ɗakin da yake ginawa a saman nata.

Ba ta da intanet, wayarta ƙarama ce mai maɓallai. Ta tambaye ni wace fitila ce, na nuna mata. Ta ja kujera ta zauna a gaban firji kamar mai kallon talabijin.

"In ta yi ja fa?"

"Ba za ta yi ba."

"In Malam Ashur ya sake kira, ki tambaye shi Ragab ya samu rigar sanyin? Na cusa masa a jaka bai sani ba, shi wai ba ya jin sanyi."

Na ce zan tambaya. Na ce kuma in sun dawo ni da ita za mu haɗu mu ja kunnensu a tsakiyar lungu. Ta ce za ta riƙa zuwa kullum bayan la'asar in ban damu ba.

Litinin, 15 ga wata, da hantsi

Saƙo daga kamfani, wai mun kusa cinye rabon intanet na wata. Karatun dare da rana ne ya sha shi. Ammu Milad ya ƙara min, amma ya ce wannan ba hanya ba ce, in ya ƙare ana tsakiyar kira fa? Ga kuma kwamfutar Hajja da ke ɗaukar zafi, jiya sau biyu ta mutu da kanta.

To, kalmar sirri. Shekara ashirin da tara ina wanke wa mutumin nan kaya, babu abin da ke kansa da ban sani ba. Zan buɗe ta.

Laraba, 17 ga wata, bayan azahar

Shaima. Ba ita ba. Nabawiyya. Sunan jirgi. Shekarar haihuwarsa. Sunan ƙungiyar ƙwallon da ke hana shi cin abinci. Lambar wayata. Duk kuskure uku sai abin ya kulle ni na ɗan lokaci, in zauna ina kallonsa yana kallona.

Na gwada Insaf. Ban so in gwada ba, don na san in ba ita ba ce zan ji haushi. Ba ita ba ce. Na ji haushi.

Mai jirgin ya aiko a ce mana ana kan magana. Ana kan magana tun makon jiya. Wani kuma ya ce an ga wani abu a bakin ruwa can yamma, ban tsaya jin ko mene ne ba, na ce ina da abinci a wuta.

Alhamis, 18 ga wata, da la'asar

Ummu Ragab ta kawo nata sunayen, har da sunan jakin kakan Ashur. Mun yi dariya har Hajja ta ce mu ji tsoron Allah, ana karatu.

Juma'a, 19 ga wata, da safe

Na buɗe!

Tun asuba iska ta taso, ruwa kamar da bakin ƙwarya, tagogi na ta bugawa. Ina juya Hajja sai ta ce, "Nawwar tsakiyar sanyi ke nan, ba ta saɓa ranarta." Na tsaya da matashi a hannu. Na ajiye ta a hankali, na je na ɗauko wayar da takardar Ammu Milad.

Na rubuta Nawwa da harufan Turanci. Ya ƙi. Na zauna na tuna yadda Ashur yake rubuta sunayen kayan inji a bango, duk harafin da ya ga ya yi yawa sai ya cire, har a rubutu tsimi yake. Na goge w ɗaya. Shafin ya buɗe.

Ban yi kuka ba. Albasa nake yankawa kafin nan.

Na bi takardar layi layi. Ga wurin, zaɓi biyu: ya haɗu idan an nema, ko ya zauna a haɗe kodayaushe. A ƙarƙashin na farkon akwai ɗan gurbi da 15 a ciki, shi ya rubuta da yatsansa mai baƙin mai, ina ganinsa a raina yana jin ya yi dabara. Na danna na biyun. Na adana. Akwatin ya mutu, fitilu duka suka ɗauke, sannan suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Na kashe karatun, karo na farko cikin kwana tara. Na kife wayar a kan tebur, na ɗora hannuwana a cinya. Minti goma sha biyar. Sha shida. Ashirin. Rabin awa. Gidan shiru sai ruwan sama da numfashin Hajja, fitila kuma ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Da Ammu Milad ya ji, cewa ya yi in zo in riƙe masa shago. Na ce sai dai ya zo ya koyi ɗinki.

Lahadi, 21 ga wata, da azahar

Iska ta kwanta. Kore.

Litinin, 22 ga wata, da la'asar

Kore. Na gama rigar amarya, hannu biyu duk a daidai. Na fitar da bargon Ashur na shanya, don in ya dawo zai ce yana warin ajiya.

Laraba, 24 ga wata, kafin magariba

Kore. Ummu Ragab ta ce ta yi mafarkin Ragab yana cin lemo. Na ce lemo alheri ne. Ban sani ba ko haka ne, amma na faɗa da ƙarfi.

Alhamis, 25 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ina tsince shinkafa wayar ta yi ƙara. Ƙara sosai, irin ta kira. Ban taɓa ta ba tun safe.

"Nawwa?"

Kwana ashirin ina shirya abin da zan ce masa, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kai ne ka sa minti goma sha biyar?"

"Wane minti?" Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Muryarsa ta dishe, amma tasa ce. "Ki ji, minti biyu aka ba ni. Ina lafiya. Muna tsare, amma ana ba mu abinci. Sun ce sai an gama takardu. Ki ce wa Hajja ƙafata mai ciwon nan ƙalau take. Ɗauko biro."

Littafin nan ne a kusa. Ya riƙa faɗin sunaye ina rubutawa, kowane da sunan ubansa, a hankali, kamar ya daɗe yana maimaita su. Suna nan a shafin baya, a ƙarƙashin awon ƙugun matar mai burodi.

"Ki kai wa gidajensu yau."

"Ci gaba."

"Shi ke nan."

"Sha ɗaya na rubuta, Ashur, har da kai."

Ya yi shiru. Na ɗauka layin ne, na ɗaga kai na dubi firji. Kore ce.

"Jirgin ya kife ne kafin waɗanda suka tsare mu su iso gare mu," in ji shi. "Ki je wurin Ummu Ragab da kanki. Kada ta ji a bakin ruwa." Wani ya yi magana a bayansa, kiran ya yanke.

Ban tambaye shi rigar sanyin ba.

Na gaya wa Hajja ɗanta yana raye, ta sa na maimaita sau uku a kunnenta. Na kira Shaima. Na yi sujada a nan tsakar ɗaki, a kan shinkafar da ta zube. Ina murna, ba zan yi ƙarya a littafina ba, murna nake har ƙirjina yana ciwo. Na ƙirga sunayen sau huɗu. Ɗaya daga biyun da babu mutumin wani ƙauye ne, ban san shi ba.

Saura awa ɗaya a kira la'asar. Ba zan bari Ummu Ragab ta tako ta zo ta zauna a gaban firji ba. Zan je.

Juma'a, 26 ga wata, bayan azahar

Abin da ya faru a ɗakinta jiya nata ne, ba zan rubuta ba.

Yau da safe ɗan'uwanta ya kawo lasifika, aka kunna karatu a gidanta, taga a buɗe. Har hantsi ban ji motsin kowa a lungu ba. Na leƙa. Matan suna tsaye a ƙofofinsu cikin kayan gida, suna kallon tagarta, suna kallon ƙofata. Babu wadda ta yarda ta fara. Matar mai burodi ta matso ta ce min a hankali, "Ummu Shaima, wannan ma na layi ne?"

Na koma ciki, na sa wa Hajja wayar a tafin hannu, na ƙure ƙarar, na ce in ta ji motsi ta danna koren. Na ɗauko ledar garin kofin nan da ban taɓa buɗewa ba. Na sa baƙar rigata na fito, na bi ta tsakiyar lungu a hankali don kowa ya gani.

Kafin in kai ƙofarta na ji ana jawo kujeru a bayana.